Na Je Har Ƙofar Masallacin Andalus, Ban Shiga Ba

Edita, a shekarun da arzikin mai ya ɓarke a Saudiyya, ni saurayi ne, direba a Riyad. Na baro Katsina da ɗan karatun zaure da lasin tuƙi, na samu aiki a gidan wani ɗan kwangila. Shi ne kafilina, wato takardar zamana, iƙama, da sunansa aka yi ta, fasfona ma yana cikin durowarsa. A unguwar Jaradiya nake kwana, ɗaki guda da 'yan uwa Hausawa masu aikin gini. Burina ɗaya ne tun ina yaro. Malaminmu na zaure yakan ba mu labarin Andalus, inda Musulmi suka yi mulki a Turai, da wani tsohon masallacinsu mai ginshiƙai kamar gonar dabino. Ina so in sa goshina a ƙasa a cikinsa, ko da raka'a biyu ne.

Da zafi ya tsananta wata shekara, maigida ya ce zai kai iyalinsa Turai shan iska, kuma da ni za a je don bai yarda Bature ya tuƙa masa iyali ba. Na daure na tambaye shi ko za mu bi ta kudancin Sifen, inda masallacin Andalus ɗin yake. Ya yi dariya har yana buga cinya, wai ashe sawwaƙ, direba ke nan a bakinsu, ya san tarihi. Ya ce in sha Allahu da hannunsa zai shigar da ni masallacin. Ni kuwa na ɗauki maganar nan na rungume.

Muka sauka, aka yi hayar wata zungureriyar mota, nan na gane irin yawon da na zo. Wallahi babu wanda ya kai ni sanin wuraren ajiye motoci na Turai. Hasumiyar ƙarfen nan ta Faris da ake yayatawa, ƙafafunta kawai na gani ta gilashi. Fadojin sarakuna, gidajen tarihi, gadoji, duk su shiga, ni in tsare mota da ledojin sayayya. In sun fito a miƙo min kamara in ɗauke su hoto, sannan a ce yalla, wato mu tafi. In na roƙi in leƙa, a ce bukra, gobe ke nan, goben da ba ta zuwa. Duk na shanye, don ba su na zo gani ba.

Ranar da muka isa garin masallacin, da hantsi ne. Muka tsaya a bakin katangarsa, uwargida ta ce wannan zafi ya fi na Riyad, ita ba ta baro gida don ta kalli tsohon gini ba. Aka yi hoto a ƙofa, aka ce a wuce otal. Na tuna wa maigida alkawarinsa, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce direba ya kawo, ba ɗan yawon buɗe ido ba, kuma da la'asar in ya tashi daga barci ya tarar da ni a mota, in ba haka ba in tuna wa yake riƙe da takarduna.

Sai na ce to, ai ƙailularsa ta ishe ni. Suna hawa sama na yi alwala, na sa farar jallabiyata, na kama hanya da ƙafa. A tunanina azahar ta yi, kuma a Riyad da azahar kantuna ake rufewa, masallatai su buɗe. Ina zuwa na tarar da ƙofar a garƙame. Masallaci a rufe da azahar! Wani tsoho mai sayar da hotunan gari ya nuna min da hannu: ci, barci, sannan ya taɓa agogonsa. Ashe su ma ƙailula suke yi, kuma wurin ya daɗe da komawa hannun Nasara, baƙi ake buɗe wa, ba masallata ba.

Na zauna a harabar ƙarƙashin itatuwan lemo ina jira. Na kai ido tsagin ƙofa, ban ga komai ba sai duhu da inuwar ginshiƙi guda, wata iska mai sanyi tana fitowa. Rana ta fara karkata, Turawa suka fara taruwa da kamarorinsu, alamar an kusa buɗewa. Zuciyata kuwa ba ta bar ni ba: iƙama, da mahaifiyata a Katsina da aikin nan yake ciyarwa. Na tashi na ruga otal, ina gudu ina waiwaye.

Na zauna a mota har la'asar ta wuce. Sai dab da magariba mutumin nan ya sauko yana hamma, ya shafa gilashi da yatsa, ya yi min faɗa wai akwai ƙura. Da na tsaya, da na shiga na fito, har na sha shayi. Na tayar da mota ina hawaye muka bar garin, bai ma lura ba.

Har yau ina jin haushinsa, don bai ɗauki burina a bakin komai ba. Ina kira ga matasanmu masu aiki a ƙasashen Larabawa: in an ce za a kai ku wani wuri, ku tambaya mutum za a kai ko hannu mai ɗaukar kaya, kuma kada ku auna ƙasar wasu da agogon taku. Masu gida kuma ku ji tsoron Allah, wanda yake gadin motarku shi ma yana da idanu. Yanzu gwiwoyina ba sa kai ni ko masallacin unguwa sai da sanda.