Mai Fasa Batir a Bakin Kududdufi

Prisila, ma'aikaciyar duba dabbobi a kan iyakar Jibiya, ba ta san sunan mutumin ba, ba ta kuma son sani. Ga shi can tsugune a bakin kududdufin bayan tasha, gajere mai kaurin wuya, dasashinsa ya yi shuɗi, ruwan batir ya cinye masa farata. Saran tsofaffin batiran mota yake da gatari, ya zare dalmar, ya tuttule ruwan batirin a cikin kududdufin kamar mai zubar da ruwan wanki.

A nan wasu tsuntsaye masu dogon baki da ke zuwa daga ƙasashen nesa suke sauka duk shekara. Na bana ko tashi ba sa iyawa. Ga wata tana tangaɗi cikin taɓo, da zoben ƙarfen da masu bincike na wata ƙasa suka saka mata a ƙafa.

"Malam, gubar nan ce fa ke kashe su!" in ji Prisila.

Ko ɗago kai bai yi ba. "Madam, mi ya shahe ki? Tai ki duba shanunki."

Haushi ya turnuƙe ta. Ta raya a ranta cewa irin wannan ko 'ya'yan cikinsa ba ya tunawa da su. Sai ya kai hannu ya cafke tsuntsuwar, ya yanka, ya jefar da zoben, ya ɗaga ta yana murmushi.

"Ɗiyata ta kwana biyu tana ciwon ciki," ya ce. "Romo za a yi mata."