Umma da Munduwar Tsallake Layi

Shekara biyu kafin korona, lokacin ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Jebel Ali, Umma ta zo mana Dubai a duba mata ido. Aikin asibitin bai wuce mako guda ba, amma bizarta ta wata ce, don haka ta zauna da mu a ɗan filat ɗinmu na Karama, ni da matata da yaranmu biyu, mace mai shekara tara da namiji mai shida. Umma tsohuwar shugabar makarantar firamare ce a Kano. Ta yi ritaya tuntuni, amma har yau idan ta shigo ɗaki sai ka ji ka gyara zama. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunana. "Kai" take ce min, idan kuma ranta ya ɓaci, "wannan mutumin".

Can gaba da wurin aikina akwai wani katafaren gidan wasa, irin mai lilo kala-kala, wanda kana kan titi kana hango ƙarafunansa sun murɗe a sama. Yara sun daɗe suna damuna da shi. Wani abokin aikina ne ya ce min idan zan je, kada in yi zuwan ƙauyawa. In kama ɗaki a otal ɗin da ke cikin harabar, domin baƙin otal suna da gata. Ya lissafo min gatan, ni kuma na kwaso na kawo gida, na zazzage a kan tuwon dare.

"Na farko," na ce, "za a buɗe mana ƙofa awa guda kafin kowa. Na biyu, za a ba mu wata munduwa da ba ma bin layi. Sannan akwai 'yar mota da za ta ɗauke mu daga bakin otal zuwa bakin lilo. Ga karin kumallo."

Matata ta ajiye cokali. "Abban yara, daga nan zuwa can minti nawa ne?"

"Arba'in, in babu cunkoso."

"To, za mu bar gadonmu a Dubai, mu je mu kama wani gadon a Dubai."

Na ce mata ba ta gane ba ne, abin ba maganar gado ba ce. Umma dai tambayarta ɗaya ce, ko akwai alƙibla a ɗakin. Na ce akwai, har da kibiya a jikin silin. Ta ce to shi ke nan.

Ranar Alhamis da yamma muka kama hanya. Kwana biyu za mu yi, amma sai da na danna but ɗin mota da gwiwa kafin ya rufu. Umma ta taho da filas biyu, da kwalbar yaji, da dambun nama, da dardumarta, da butarta ta roba mai ratsin kore. Na ce mata akwai ruwa ko'ina a banɗakin otal. Ta ce ta sani, ai ba ruwa ta ɗauko ba. Da muka isa, wani ma'aikaci mai farar safar hannu ya loda kayan a kan keken tura kaya mai ruwan gwal, ya ɗora butar a can ƙoli, ya ratsa tsakiyar baƙi da ita a hankali, mu muna biye.

A wurin karɓar baƙi aka ɗaura wa kowa munduwar roba mai ruwan lemo. Umma ta miƙa hannu, ta dubi abin, ta juya shi.

"Rabona da a ɗaura min irin wannan tun haihuwar autana. Kai, ka tabbata ba kwantar da mu za su yi ba?"

Washegari bayan asuba na hana kowa komawa barci. Na riga na tsara komai a takarda: ƙarfe bakwai karin kumallo, takwas da rabi muna bakin otal, tara daidai muna ciki, kafin sauran jama'a su shigo ƙarfe goma mun gama da manyan liluka. Karin kumallon ne ya fara cin lokaci. Umma ta zagaya teburan abincin nan kaf, tana buɗe murfi tana rufewa kamar mai duba aji, daga ƙarshe ta dawo da dafaffen ƙwai biyu da shayi, ta fito da yajinta daga jaka.

Tara saura kwata muka fito. 'Yar motar lantarki ce mara ƙofa, mai kujeru shida, wata mata mai kimanin shekara hamsin tana tuƙi, da hular kamfani a kanta. Umma tana ƙoƙarin hawa tana cewa, "Wayyo gwiwata," sai matar ta juyo da sauri.

"Sannu Mama! Hausa nake ji?"

Ashe 'yar kudancin Kaduna ce, shekararta huɗu a nan. Ta kashe motar ta sauko, ta rusuna. Aka shiga gaisuwa. Aka tambayi gida, aka tambayi yara, aka tambayi aiki da sanyi da hanya. Aka gano cewa ƙanwar matar ta yi karatun malanta a garin da Umma ta fara koyarwa. Ni ina tsaye ina duba agogo, ina gyaran murya. Umma ta waiwayo.

"Wannan mutumin, wani abu ne ya maƙale maka?"

Tara da minti ashirin muka shiga. Gaskiya wurin ya yi kyau a lokacin. Babu kowa sai mu da wasu Turawa biyu da masu shara, kiɗa yana tashi daga cikin shuke-shuke, iskar hunturu tana kaɗawa. Sai dai abin da abokina bai faɗa min ba shi ne, a wannan awa ta gata, liluka uku kacal ake kunnawa. Na ja iyalina zuwa mafi girma, na ɗaga hannu na nuna wa mai tsaron ƙofa munduwata. Ya dube ni, ya dubi layin gama-gari da babu ko mutum ɗaya a ciki, ya ce in bi duk wanda na ga dama. Na bi na masu munduwa. Matata ta bi ɗayan, ta riga ni isa.

A nan aka auna ɗana da sanda aka ce tsayinsa bai kai ba, saura kamar yatsa biyu. Ya yi ɗage, aka ce ya sauke dunduniya. Ya fashe da kuka, matata ta ce ita za ta zauna da shi, kuma na ga sauƙin da ya bayyana a fuskarta. Umma ta ɗaga kai ta bi ƙarfen da kallo har inda ya kife, ta ce ita ba ta yi wa kowa laifin da za a yi mata haka ba. Ya rage ni da 'yata.

Ban san me zan ce game da wannan lilo ba. Na san dai an danne mana kafaɗu da wani ƙarfe, an ja mu sama a hankali har na hango tulin kwantenoni ta wajen tashar jiragen ruwa, na ce a raina ga wurin aikina can. Daga nan ban sake ganin komai ba. Hulata ta tafi tun a juyin farko. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Da muka tsaya, sai yarinyar da ke kula da lilon ta leƙo ta ce tunda babu mai jira, muna iya sake zagayawa ba sai mun sauka ba. Wannan ma, in ji ta, gatan baƙin otal ne.

"Yalla, mu je!" in ji 'yata.

Kafin in haɗa kalmar a'a da Turanci an sake danne ƙarfen. Sau uku muka yi. Da na sauko, sai da na zauna a gefen wata tukunyar fulawa na kusan rabin awa, kaina tsakanin gwiwoyi, Umma tana yi min fifita da takardar tsarin da na rubuta. Kafin in iya miƙewa an buɗe babbar ƙofa, jama'a sun kwararo.

Zuwa hantsi wurin ya cika maƙil, ranar hutu ce. Na ce yanzu ne munduwa za ta yi aikinta. Muka nufi wani lilon ruwa, ƙananan kwale-kwale masu tafiya a hankali, wanda kowa zai iya hawa har da Umma. Layin ya nannaɗe ya kai wajen shagon alawa. Na yi gaba ta ƙofar gefe ina taƙama, sai na ji babu takun kowa a bayana. Umma ta tsaya cak.

"Ina za ka?"

"Umma, ta nan ne namu."

"Waɗannan fa?"

"Su ba a otal suka kwana ba."

"To sai me? Wancan tsohon da sanda, ka riga shi zuwa ne?"

Na yi mata bayani cewa tsari ne, ba ƙwace ba ne, su kansu masu wurin ne suka shirya haka. Ta ce ta gane sarai. Ta ce shekara talatin da wani abu tana tsayar da 'ya'yan mutane a layi, ɗan kwamishina ma bai taɓa tsallake mata ɗan mai faci ba, ba kuma za ta zo ƙasar mutane da furfurarta a ga ta ratsa gaban jama'a don an ɗaura mata roba a hannu ba. Ta kama hannun jikanta. "Zo nan maigidana, mu bi sahu."

Sai muka rabu biyu. Ni da matata da 'yata muka bi ta gefe, cikin minti biyar mun hau mun sauka. Sannan muka tsaya a bakin mafita, a rana, muna jiran Umma. Minti arba'in da biyar. Ina hango ta daga nesa tana matsawa taku-taku, ta samu wata tsohuwa 'yar Indiya suna hira da hannu, ta buɗe jaka ta ba ta dabino, har ta sa wasu samari biyu da suka so kutsawa sun koma baya da kallo kawai. Matata ta tsaya kusa da ni, ta sha ruwa, ta rufe gorar.

"Ba ki ce komai ba," na ce mata, don na ga bakinta yana motsi.

"Ni? Ina dai jin daɗin gata ne."

Da azahar ta gabato muka koma otal, da niyyar bayan masallaci mu ci abinci mu huta awa guda. A nan kam zan faɗi gaskiya, ɗakin ya yi rana. Minti biyar daga cikin hayaniya sai ga ka a wuri mai sanyi, ka watsa ruwa, ka miƙe ƙafa. Matsalar ita ce babu wanda ya tashi sai bayan la'asar. Da na ce a koma lilo, yara suka ce su wurin iyo suke so, wanda suka hango ta taga. Na ce akwai wurin iyo a kusa da gida. Suka ce wannan yana da zamiya.

Safiyar Asabar maganin ɗigawar ido da Umma ta taho da shi ya ƙare. Sabuwar kwalbar kuma an baro ta a firij a Karama. Likita ya ce kada a tsallake ko sau ɗaya, don haka awar gata ta rana ta biyu a kan titi na yi ta. Na isa gida, na buɗe firij na ɗauki maganin. Filat ɗin shiru, labule a sauke. Na ce bari in ɗan zauna a bakin gado in cire takalmi minti biyu. Wayar matata ce ta tashe ni, wajen sha ɗaya da rabi.

"Kana ina?"

"Ga ni nan a hanya. Cunkoso."

"Cunkoson da fankar ɗakinmu take ƙara a cikinsa?"

Da na dawo na tarar yara suna cikin ruwa, matata tana kwance a inuwa da wani abin sha mai 'yar lema a kai. Umma kuwa ba ta nan. Aka nuna min ita can, a kujerar gaba ta 'yar motar lantarki, kusa da direbar nan. Tun safe take zaune a wurin. Ana ɗaukar baƙi a kai su bakin lilo, a dawo, a sake ɗaukar wasu, ita tana nan tana yi wa masu hawa sannu da zuwa da Hausa. Na tsayar da su na ɗiga mata maganin a nan cikin motar. Ta ƙifta ido, ta ce in matsa, suna da fasinja.

Ranar ba mu shiga gidan wasan ba sam. Da yamma muka haɗa kaya. Umma da direbar suka yi sallama kamar za a rabu da 'yar uwa, aka yi musayar lamba, aka yi alkawarin tuwo da miyar kuka ranar da matar take hutu, kuma ta zo ɗin, sau biyu kafin Umma ta koma.

Abokan aiki da suka ji na je sun riƙa tambayata ko kwana a can ya cancanta. Nakan ce idan daga wata ƙasa ka zo, ko kana da tsoho ko ƙaramin yaro da zai buƙaci kwanciya da rana, ka kama ɗakin. Idan kuwa don awar safe da munduwa ne, ka fara sanin da wa za ka tafi.

A hanyarmu ta komawa gida yara suka yi barci tun kafin mu hau babban titi. Ina ta jiran matata ta fara, don na san tana da abin faɗa, kuma ta cancanci ta faɗa. Muka shigo Karama, na zagaya layinmu sau uku ina neman wurin ajiye mota. Sai da na kashe injin ta juya baya.

"Umma, wurin nan fa ya yi. In Allah ya kai mu baɗi mu koma, ni da ke."

"Da yaran?" na tambaya.

"A'a," in ji Umma, tana laluben takalminta. "Su ka zauna da su a gida. Kai ai ka ga lilo."