Taken Kashim a Faifan Bature

Yayana Datti makaɗin gangar noma ne, kuma ba gadonta ya yi ba. Mu kakanninmu da shanu suka zo Toranke, shanun suka ƙare, aka koma gyaɗa da dawa. Ranar da Baffa, mahaifinmu, ya kama shi a bayan gari yana koyon ganga wurin wani tsohon makaɗi, sai da ya karya sanda a gadon bayansa. Washegari ya koma. Ni Hajo na san taurin kan mutumin nan, don tun rasuwar mijina a gidansa nake zaune, ina soya ƙuliƙulina ina shan haushinsa.

Shekara arba'in da ɗoriya ba a yi gayya a yankinmu ba tare da shi ba. In mai gona ya tara jama'a su taya shi huɗa, mu mata mu dama kunu, Datti ya rataya ganga ya bi bayan manoma kunya-kunya. Kowane gwanin noma yana da takensa, kiɗan da yake nasa shi kaɗai. Ƙa'idar kuwa ba wasa a cikinta: in aka buga takenka, ko loma ce a hannunka sai ka ajiye ka ɗauki garma. Wanda ya ji takensa ya zauna, ya gama zubar da mutuncinsa a garin nan.

Babban gwanin Datti shi ne Kashim, maƙwabcinmu, ƙofa na kallon ƙofa. Babarbare ne, mu kuma jinin Fulani, don haka kullum cikin tsiya suke. Kashim ya ce masa, "Bafillacen da ya sayar da saniya ya sayi fatarta." Datti ya ce, "Ni dai in na taɓa fatar, ai ka san inda za ka kwana." Gaskiya ya faɗa. Da zarar taken ya tashi, sai Kashim ya yi wani irin ihu, ya duƙa, ba ya ɗagowa sai ya bar samari biyar a baya.

Shekara huɗu da suka wuce, cikin damina, Zulkiflu malamin gona ya kawo mana baƙo daga Ajingi. Wani dogon Bature ne ɗan ƙasar Holan, kunnuwansa kullum a toshe da abin sauraro, yana yawo da sanda mai gashi a kai. Wai ɗaukar sauti yake yi. Ya ɗauki kukan jaki, ya ɗauki injin markaɗe, har turmina bai bari ba. Da ya ji gangar Datti a gonar wani manomin garinmu, Gaji, sai ya ƙi tafiya. Kwana uku yana bin sa. Ya nemi izini, ba zan yi masa ƙarya ba, Datti kuma ya ce ya ɗauka, ai ba raguwa za ta yi ba.

Bayan shekara biyu Kashim ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Datti ya je duba shi, ya dawo ya rataye ganga a ɗaki. Na ce, "Yaya, sauran manoman fa?" Ya ce, "Hannuna ya saba. Wata rana zai zarce ya kira Kashim, shi kuma ba halin tashi." Daman gayyar ta soma mutuwa, maganin feshi da tarakta sun cinye ta. Sai ya koma saƙar igiya a ƙofar gida.

To, ranar wata Laraba bayan la'asar ina tsakar gida ina matsar tunkuza, sai ga sallamar Zulkiflu, baki har kunne, da wata ƙatuwar lasifika a bayan babur. Wai Baturen nan ya fitar da faifansa na farko, ya turo masa ta waya. Wai ya haɗa kiɗan ƙahonni da suke kira jaz da kiɗan kwamfuta, kuma har sunan Datti ya rubuta a jiki. Na goge hannuna na leƙo zaure. Maza kusan goma sun taru a kan tabarma.

Ya kunna. Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba! Wani ƙaho ya fara kuka kamar akuya ta maƙale a danga, can wani abu ya ce ƙiii, can ya yi tsit, can ya dawo da ƙugi har cikina yana amsawa. Gaji ya ce, "Malam, lasifikar ce ta lalace?" Zulkiflu ya ce a'a, haka abin yake. Na ce, "To Allah ya ba shi lafiya." Aka kwashe da dariya, har da Datti.

Sai ganga ta shigo.

Hannun Datti ne, ko a mafarki na san shi, kuma taken Kashim ne, tsaf. Dariya ta ɗauke. Igiyar da ke hannun Datti ta faɗi ƙasa. Shi kuwa Zulkiflu, bawan Allah, ya ga an yi shiru ya zaci daɗi ne ya kama mu, sai ya ƙara murya.

Za ku ce me ya hana a kashe. Ga abin da ya hana. Kowane take gaɓa biyu ne: akwai kira, akwai saukewa. Kira shi ke tada mutum, saukewa kuma bugu uku ne masu nauyi a ƙarshe, su ke ce masa ya isa, ka fita kunya, ajiye garma. Ba a katse kira a bar mutum a rataye. Shi ya sa Datti ya ɗaga hannu ya ce a dakata, yana jiran saukewar ta zo. Ba ta zo ba. Baturen ya yanke kiran kawai, ya sa kwamfuta tana maimaita shi. Ya zo daidai inda za a sauke, sai ya koma farko. Ya sake zuwa, ya sake komawa, ƙahonni na ta ihu a kansa.

"Ina saukewar?" Datti ya ce. "Zulkiflu, ina ya kai saukewar?"

Kafin ya ba da amsa muka ji salatin Falmata, matar Kashim, daga cikin gidansu. Muka juya gaba ɗaya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da shekara biyu sai an juya shi a kan gado, ga shi a bakin zaurensa, rub da ciki. Da gwiwar hannu ɗaya ya jawo kansa tun daga ɗaki, fatar ta saɓule tana jini, rigarsa duk ƙasa. A hannunsa mai lafiya yana riƙe da ƙotar tsohuwar garmarsa. Falmata na bayansa tana kuka tana cewa ta riƙe shi ya fizge. Ya ɗago kai da ƙyar ya nemo Datti da ido, ya motsa karkataccen bakin nan.

"Gonar wa?" ya ce.

Na fashe da kuka, ban ji kunyar kowa ba. Zulkiflu ya kashe lasifika. Datti ya wuce ni a guje, har ya ture min kwanon mai. Ya fito da gangar, duk ƙura, fatar ta saki. Ya durƙusa a gaban Kashim ya yi bugu ukun nan. Sautin bai fita da kyau ba, amma Kashim ya ji. Yatsunsa suka saki ƙotar, ya kwantar da kumatunsa a ƙasa yana numfashi.

Da aka mayar da shi ɗaki, Zulkiflu ya yi ta ba da haƙuri, ya ce zai rubuta wa Baturen, ai bai sani ba ne. Ni ma na yarda bai sani ba, amma da yana kusa da sai ya sha muciya. Datti bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Wannan abin, a wayarka kawai yake?"

Zulkiflu ya sunkuyar da kai. Ya ce a'a, yana ko'ina, duk wanda ya so a duniya zai iya kunnawa, dare ko rana.

Datti ya ce, "Kenan yanzu haka wani yana kiran Kashim."



Washegari Datti ya ɗaure fatar gangar. Tun daga ranar, kullum bayan la'asar, sai ya tsallaka ya tsaya a ƙofar Kashim ya yi bugu uku, ya juyo gida. Yara sun daina tambaya. Jiya Falmata ta gaya min a wurin rijiya cewa tun azahar Kashim yake dunƙule hannunsa na hagu a kan zanen gado, ba ya buɗe shi sai ya ji na ukun.