Madam ta Ɗakin Zuera

Zuera maƙwabciyata ce a unguwar Nima. Shekara ashirin da shida ta yi tana aiki a gidan wani Bature a unguwar Cantonments, shara da wanki da guga. Da zai koma ƙasarsu, ya ce ta zaɓi abu ɗaya a gidan. Ga firji, ga keken ɗinki. Ta ɗauko hoto.

Zanen wata mace ne, 'yar gidan sarautar Turawan dā: riga mai faɗi kamar rumfa, duwatsu masu ƙyalli a wuya, ɗan kare a cinya, ba murmushi. Zuera tana kiranta Madam. In za ta yi salla, sai ta juya fuskar Madam bango. In ta sallame, ta juyo da ita. Mijin Zuera ya rasu da wuri. Bango ɗaya ya raba mu, kuma nakan ji magana a ɗakin bayan la'asar. Ban taɓa tambaya ba.

Bara babbar kwata ta cika, ruwa ya shiga ɗakinta har gwiwa. Aka same ta tsaye a kan gado, Madam a ka. Ɗanta Abdul-Mumin, wanda ya gina gida a unguwar Madina, can bayan gari, ya zo ɗaukarta.

"Mma, ɗakinki na nan, har da fanka. Amma ban da wannan. Mala'iku ba sa shiga gida mai hoto ko kare, ke kuwa kin haɗa biyun a katako ɗaya."

"Karen ya taɓa yi maka haushi?"

"Haba Mma!"

"Ita ta ga hawayena tun kana yawo ba wando."

Kwana tara tana ɗaure kaya tana kwancewa. Ta je tashar trotro, motocin haya, ta dawo. Ta fita tsakar gida ta dubi sama, hadari na sake haɗuwa, ta koma ciki, ta sake fitowa. Rana ta goma ta shigo shagona na ɗinki da abu naɗe cikin zane.

"Malam, kai ma tsoron kake?"

Na ce ba a shago nake kwana ba, salla kuma masallaci nake zuwa. Na buga ƙusa a bayan labule.

Yanzu tana Madina, ɗakinta a bushe. Sau uku a mako takan hau trotro ta zo sayen zare, ko da yake ban ji an ce zare ya ƙare a kasuwar Madina ba. In ta shigo, sai in tuna ina da saƙo a bakin titi.