Baƙon Gidan Kande

Idan sanyi ya kankama a Riyad, gidanmu na unguwar Jaradiya yakan koma kamar cikin randa. Tsohon gida ne mai ɗakuna uku da ɗan tsakar gida marar rufi, kuma hita ɗaya gare mu ta ɗumama ɗaki, tana ɗakin Baba da Umma. Kaka ba ta yarda da hitar nan ba ko kaɗan. Cewa take yi wutar da ba ta da toka ƙashi ba ya jin ta. Saboda haka in Baba ya tashi daga tuƙi yakan biya ta kasuwar Utaiƙa ya sayo mata gawayi, ita kuwa ana idar da sallar isha'i sai ta hura shi a wani kasko da aka yanko mata daga gwangwanin mai, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinta.

Mu uku ne jikokinta: Yaya Sani, sai Hadiza, sai ni Rabi, auta. A makaranta Larabci, a titi Larabci, ko faɗa muke yi a tsakaninmu da Larabci muke yin sa. A gaban kaskon nan ne kaɗai Hausa take da mulki. Kaka takan zuba gyaɗa a gefen garwashi, duk wanda bakinsa ya suɓuce ya ce "yalla" ko "halas" to ya rasa rabonsa na ranar. Yaya Sani ne ya fi kowa asara. Takan dube shi ta ce, "Kai maigidana, wannan yaren naka na kanti ne. Ajiye shi a waje tare da takalmanka."

Kaka mahaifiyar Baba ce. Daga ƙasar Haɗeja ta fito tana sabuwar amarya, ta biyo mijinta hanyar Hajji ta ƙasa, suka ratsa Sudan, a hanyar ta haifi Baba, ba ta kuwa sake ganin gida ba. Ita ake aikowa a kira in wata mace ta rasu a cikin Hausawan unguwa, don ita ce mai wanka. Mu dai a lokacin ba mu san nauyin wannan aiki ba. Abin da muka sani shi ne tana da tatsuniyoyi kamar ruwa, kuma ba ta farawa sai ta ce, "Ga wata baƙuwa nan a ƙofa, wa zai ba ta wuri?" Mu kuma mu haɗa baki: "Ta shigo, tabarma a shimfiɗe take."

Akwai wata da ba ta cika yi ba sai jefi-jefi, kuma na lura takan zo ne a ranar da ta dawo daga gidan rasuwa. Mu ba ma son ta, don babu Gizo a ciki, babu abin dariya.

Wai an yi wata mace, Kande, mai gidan saukar baƙi a wani gari na bakin kogi. Wata rana kwalekwale ya sauke wani dattijo, ya ce a ba shi masauki kafin a dawo ɗaukarsa. Kwana ya zama wata, wata ya zama shekara, har aka manta baƙo ne. Shi yake ɗaure wa yara majajjawa, shi yake raba gardama. Kande ta riƙe shi tamkar uba.

Can wata shekara sai tsoho ya fara canzawa. In an kai masa tuwo sai ya yi loma biyu ya ture. Ya daina fita hira. Barci da rana, barci da dare, in ya farka kuma sai ya juya fuskarsa wajen kogi yana kiran sunayen mutanen da ba wanda ya san su a garin. Kande ta tsorata. Ta ɗauke takalmansa ta ɓoye a cikin rumbu, ta dinga canza masa miya, yau kuka, gobe kuɓewa, tana cewa, "Baba, daure ka ƙara loma ɗaya."

Rannan da safe sai ga tsoho ya tashi garau. Ya share ɗakinsa, ya mayar wa maƙwabci allurar da ya ara, ya nemi fura ya sha, ya zauna yana ta ba yara dariya. Gida ya cika da murna. Maza suka tafi gona, Kande ta ɗauki ƙwarya ta nufi kasuwar wani gari don ta sayo naman da za ta yi masa farfesu ya ƙara ƙarfi. Tana can tana ciniki kwalekwale ya iso. Tsoho ya duba hagu ya duba dama, ba kowa. Ya nemi takalmansa ya rasa. Haka ya sauka bakin ruwa ƙafa ba takalmi, ba mai riƙe masa hannu. Da Kande ta dawo, ɗaki a share, nama a hannunta.

A nan Kaka takan tsaya, ta hau tona garwashi da tsinke.

Ni ce mai tambaya. "Kaka, ina ya tafi?"

"Gida, ƙawata."

"To me ya sa bai gaya mata ba?"

"Ya gaya mata mana. Da kwanonsa ya gaya mata, da barcinsa ya gaya mata. Ita ce dai ba ta son ji." Sai ta ɓare gyaɗa ta sa mini a tafin hannu. "Ranar kam Allah kaɗai ya san ta. Amma hadari ba ya sauka bai haɗu ba."

Ita Kaka ba ta ba mu aikin duba hadari ba. Ina sakandare wata safiya ta yi sallar asuba, ta koma ta kwanta, shi ke nan. Aka jefar da kaskon, muka girma, muka watse. Umma ma ta bi Kaka bayan wasu shekaru. Hadiza ta yi aure a Jidda, Yaya Sani ya buɗe shagon waya a unguwar Batha, ni na zauna da Baba da yarana bayan mijina ya rasu.

Bara ciwon daji ya ci ƙarfin hantar Baba. Likitoci suka yi iya yinsu, daga baya suka mayar da shi sashen da ake kwantar da waɗanda magani ya gaza a kansu, inda aikin da ya rage shi ne a sauƙaƙa musu zafin ciwo. Yaya Sani bai karɓi wannan magana ba. Kullum yana rufe shago zai zo da kula, matarsa ta yi farfesun kaza ko romon kan rago. Ya zauna a bakin gado da cokali yana lallashi: "Baba, buɗe baki. Ai abinci shi ne magani." Baba yakan karɓa don kada ya ɓata masa rai, ya riƙe a baki, ya kasa haɗiyewa.

Ni ce nake wuni da shi, don haka ni nake ganin abin da Yaya ba ya gani. Barcinsa ya ƙaru har sai an taɓa shi ya san an shigo. Ya daina tambayar jikoki, ya daina neman a kunna masa labarai. In na shafa ƙafafunsa sai in ji su da sanyi ko da an rufa masa bargo, gwiwoyinsa suka yi dabbare-dabbare. Mutumin da ya shekara arba'in yana tuƙi yana magana da Larabawa, Larabcin ya zube masa, ya koma Hausa zalla. Wani lokaci yakan kalli kusurwar ɗaki ya ce, "Inna, ki ɗan jira." Haka yake kiran Kaka.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Zariya a sashen, Sista Maryam. Na tare ta a baranda na ce ta gaya mini gaskiya. Ta ce ba wanda zai iya ba ni rana, amma jikinsa ya fara sakin abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba yunwa yake ji ba, tilasta masa abinci na iya shaƙe shi. Ta nuna mini yadda zan jiƙa auduga in riƙa shafa masa a leɓe. Ta ce in ci gaba da yi masa magana, don sau da yawa suna ji ko ba su amsa ba.

Sai wata Laraba na shigo da safe na tarar da Baba a zaune, an jingina masa matashi, idonsa tar. Ya ce, "Rabi, ba ki zo mini da kunun tsamiya ba?" Yaya Sani ya baro shago a guje da kunun. Baba ya sha kusan rabin kofi, ya tsokani Yaya a kan tumbinsa, ya ce a aske masa gemu. Ina ji Yaya ya kira Hadiza, cike da murna: "Baba ya samu sauƙi sosai. Ki bari yaran su gama jarrabawa, kya zo ƙarshen wata."

Na ja shi waje na ce, "Yaya, a ce mata ta taho yau."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ke kin fi son ki ga ya mutu ne? Mutum ya tashi ya ci ya sha, ki ce me?"

"Allah ya sa ni ce na yi kuskure. In ya warke, ta yi asarar kuɗin jirgi, ta ga mahaifinta. In kuma ba haka ba ne, me za ka ce mata?"

Ya juya ya shiga ɗaki. Na kira Hadiza da kaina. Ban yi mata dogon bayani ba, cewa kawai na yi, "Yaya Hadiza, kin tuna baƙon gidan Kande?" Nan take ta ce za ta nemi jirgin yamma.

Da azahar, Yaya ya tafi masallaci, muka rage ni da Baba. Na gaya masa Hadiza na hanya, na kuma ce yau na tuna da wata tatsuniyar Kaka. Da na ambaci sunan Kande sai ya yi murmushi.

Ya ce, "Ai wannan ba a gida ta koyo ta ba. Ita ta ƙirƙira." Ya ɗan huta ya ci gaba. "Lokacin da ayarinsu zai tashi, mahaifiyarta na kwance ba lafiya. Inna ta ce ba za ta tafi ba. Sai tsohuwa ta tashi rannan, ta sha fura, har ta yi mata kitso. Kowa ya ce ta warke. Suka kama hanya da asuba. Sai a Sudan wani ayari ya cim musu da labari, wai washegarin tafiyarsu ta cika."

Ban taɓa jin wannan ba. Shekara da shekaru ina zaune a gaban matar nan ina cin gyaɗarta, ban san abin da take tonawa a cikin garwashin ba.

Hadiza ta iso bayan magariba, ya gane ta, ya riƙe hannunta, ya kira ta da sunan da yake kiranta tana yarinya. Daga nan bai ƙara wata doguwar magana ba. Washegari numfashinsa ya canza, ya ja ya ja, ya tsaya har mu ɗauka an gama, sannan ya dawo. Yaya Sani ya zo da kularsa kamar kullum. Ya tsaya a bakin gado ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye ta a ƙasa, ya miƙo mini hannu na ba shi audugar. Shi ya dinga jiƙa masa leɓe da zamzam, yana maimaita kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa. Ranar Juma'a kafin la'asar Baba ya cika, mu uku muna riƙe da shi.

Da ina yarinya na ɗauka Kande wawuya ce. Yanzu na san son da take yi masa ne ya kai ta kasuwa, kamar yadda ya dinga kawo Yaya da romo kullum. Mai ƙauna yana son ya ga yana yin wani abu da hannunsa, zama kurum a gefen wanda zai tafi kuwa ya fi kowane aiki wuya. Kaka ba ta samu ta yi wannan zaman ba, kuma ba ta taɓa zaunar da mu ta ce ga abin da ya same ta ba. Ta dai yi ta ba wasu yara uku masu tsamin Hausa labarin da ba sa so, har ya zauna musu. Ɗan da ta haifa a hanya bai tafi shi kaɗai ba.