Banɗakin da ya kalli gabas

Shekarar da gwiwoyin Inna suka ƙi, na ce zan gyara banɗakin gidanmu. Tsohon na can ƙarshen gida, bayan turken awaki, rami ne da dangar kara, sai ka tsuguna. Mu masu ƙarfi bai dame mu ba. Inna kuwa in ta tsuguna ba ta iya tashi, sai ta kama danga, dangar ma ta fara kwantawa saboda kamun. Ni ne ɗanta na fari, a gidana take tun rasuwar Baba, kuma ban so ta bar gidan ba. Abin da nake so ke nan, ta iya shiga ta fito da kanta ba wanda ya riƙe ta.

Ni ba mai albashi ba ne. Ina noman dawa, ina facin taya a bakin titi. Lissafina na kaka ne. Da na sayar da dawa sai na ware kuɗin gyara daban, na ba matata ta ɓoye, don na san kaina, in suna aljihuna biki ɗaya zai cinye su. Na raba su a kaina: na siminti, na yashi, na tayil, na masai irin na zama, na bututu, na magini. Kowanne na rage masa wani abu. Tayil na ƙasa kaɗai na saya, bango na ce filasta ta isa. Mai shagon kayan gini, mutumin kudu ne da ya daɗe a Zuru, ya ce, "Oga, ka bar wani abu a gefe, gini ba ya tsayawa inda ka ce." Na ce masa gefen ma babu.

Maginin abokina ne tun ƙuruciya, mutumin Rikoto, Kirista ne, tare muka yi kiwo. Muka zaɓi wani ɗan ɗaki da ke jingine da ɗakin Inna, inda muke ajiye garma da buhuna. Aka haƙa rami a bayan bangon yamma. Ranar da za a kafa masan ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana riƙe da bututu.

"To mai kuɗi, ina za a sa kujerar sarautar?"

"Ina ya fi sauƙi?"

"In an jingina shi da wannan bangon, bututu ɗaya ya huda ya faɗa rami, an gama. In ka ce wancan bangon, sai ka ƙaro bututu da gwiwar lanƙwasa shi, da siminti, da kuɗina."

"Kuɗinka dai kake ji."

"To da na wa zan ji? Ka ga na yi kama da gwamnati?"

Na ce a jingina shi da bangon yamma. Abin da na rage a wurin bai kai kuɗin buhun taki ba. Na ji daɗi har na ƙara masa kuɗin burukutu, ya ce Allah ya ƙara mini rowa irin wannan.

Aiki ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Tayil mai kaushi don kada ta zame, ƙarfe a bango don ta kama, randa da buta a kusa. Yara suka yi ta shiga suna fita ba abin da ya kai su. Inna ta leƙa, ta tsaya a bakin ƙofa ta duba, ta ce, "Allah shi yi albarka." Ta koma ɗakinta. Ba ta yawan magana da ni, kunyar ɗan fari, ko sunana ba ta kira. Na ɗauka daɗi ne ya hana ta ƙara komai.

Sai da aka kwana biyu na gan ta da sanda da buta tana bi ta bayan awaki. Na tambayi matata. Ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Maigida, in mutum ya zauna a kan abin nan, ina yake kallo?"

"Ƙofa."

"Ƙofar ina take kallo?"

Gabas. Alƙibla. Ni da nake fuskantar wurin kullum in zan yi salla, na tsaya a ɗakin nan da bututu da lissafi, ko sau ɗaya bai zo mini ba. Abokina ba ruwansa, ba addininsa ba ne, kuma ya tambaye ni.

Na je wurin limamin unguwa. Ya ce malamai da yawa sun ce in cikin gini ne da bango babu laifi, a fili ne aka hana. Na dawo da murna na faɗa wa matata ta faɗa wa Inna. Ina tsakar gida na ji amsar ta taga. "Shi limamin ya zo ya shiga. Ni tun ina yarinya ban taɓa ba, ba yanzu da na kusa tahiya zan fara ba."

Juya shi na nufin fasa tayil, fasa daɓe, sabon bututu, sabon siminti. Kuɗi sun ƙare, damina ta shigo, abin da ke hannu na taki ne. Na ce a jira kaka. Na kafa mata turaku biyu a tsohon ramin don ta kama. Amma da ruwa ya yi yawa hanyar ta zama caɓi, kuma rannan ta tsuguna ta kasa tashi, sai da matata ta shiga ta ɗago ta. Matata ba ta yi ƙorafi ba. Inna ce ba ta iya ɗauka ba, a ce surukarta ta gan ta haka. Ta daina cin tuwon dare, ta rage shan ruwa, don kada ta buƙaci fita.

Ƙanwata da ke aure a Mahuta ta zo dubiya ta ga yadda ta rame. Ba ta zage ni ba, da ta zaga ma ya fi mini. Ta ce Inna ta zo wurinta har ruwa ya ɗauke, 'ya ce, ba kunya tsakaninsu. Ni na ɗauko musu mota, ni na sa kayanta a baya.

Da kaka ta yi na kira abokina. Bai yi wasa ba wannan karon. Ya fasa, ya juya masan ya kalli arewa, tayil ɗin da muka samu bai yi kala ɗaya da na farko ba. Kuɗin ya ninka abin da na rage sau da yawa. Na hau babur na tafi Mahuta na ce wa Inna an gyara.

Tana zaune a tabarma, jikoki kewaye da ita. Ta ce ta ji, Allah shi biya. Ta ce ƙafafunta ba su son hanya yanzu, kuma yaran nan sun saba da ita. Na ce ɗakinta na nan. Ta ce a zuba dawa a ciki kada ya zauna haka nan.