Passed out na rubuta

"Umma, Abba ya farfaɗo?"

Abin da 'yata Hafsatu ta fara tambayata ke nan jiya, da ta kira ni da wayar malamarsu. Kwana shida ke nan da aka binne babanta. Daga gonar shinkafa ya dawo da zazzaɓi, kwana biyu Allah ya karɓi abinsa.

Tana makarantar kwana a Malam Madori, suna tsakiyar jarrabawa. Malamar 'yar bautar ƙasa ce, ba ta jin Hausa, shi ya sa na tura mata saƙo da ɗan Turancina na firamare, don ta lallaɓa ta faɗa wa Hafsatu rasuwar. Ta amsa da "sorry", na ɗauka ta gane.

Na ce wa Hafsatu zan sake kira, na miƙa wa ƙanena Sani saƙon ya duba.

"Yaya, passed out kika rubuta. Wannan ai suma ce. Rasuwa passed away ake cewa."

"Ba duk passed ba ne?"

"A'a, ƙaramar kalmar da ke bin bayansa ita ke juya magana."

Ashe duk kwanakin nan yarinyata tana roƙa masa lafiya.

Ranar Juma'a ake ba su hutu, ni kuma ina takaba. Tsorona kada ta sauka daga keke a bakin layi wani ya riga ni, ya yi mata gaisuwa.

Iyaye mata, a waya zan faɗa mata, ko in jira in riƙe hannunta? Ku ba ni shawara. Har yanzu ban kira ta ba.